Tsakanin Asibiti da Makaranta: Tarihin Hidimar Iyalan Ƙananan Yara Kurame

Fiye da kashi casa'in cikin ɗari na yaran da ake haifa kurame, ko waɗanda suka kurumce tun suna goye, iyayensu masu ji ne. Galibin irin waɗannan iyaye ba su taɓa zama da kurma ba, ba su san maganar hannu ba, ba su kuma san ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba. Sha'anin yaron kuwa a rarrabe yake tsakanin hukumomi da yawa. Likitan kunne yana ƙarƙashin ma'aikatar lafiya, malamin kurame yana ƙarƙashin ma'aikatar ilmi, tallafin kuɗi yana wajen ma'aikatar jin daɗin jama'a, kowane kuwa da nasa fayil da nasa ranar ganin mutane. Wannan lacca ta bi sawun yadda ƙasar Amurka ta yi fama da wannan rarrabuwa har na tsawon shekara ɗari da saba'in, kafin ta rubuta cikin doka cewa tilas a sami mutum guda wanda aikinsa shi ne haɗa wa iyali waɗannan hukumomi. Daga baya za a duba inda tarihin ya taɓa Nijeriya.

Iyaye masu hali

Makarantar kurame mafi daɗewa da ta ɗore a Amurka an buɗe ta a garin Hartford ran 15 ga Afrilu, 1817, da ɗalibai bakwai. Sunayen da aka fi tunawa su ne Thomas Gallaudet, wanda ya tafi Turai neman hanyar koyarwa, da Laurent Clerc, malami kurma da ya biyo shi daga makarantar Faris. Amma wanda ya ɗaura ɗamarar aikin tun farko wani likita ne, Mason Cogswell, wanda 'yarsa Alice ta kurumce tana da shekara biyu bayan wani zazzaɓi mai tsanani. Shi ne ya sa limaman coci suka ƙidaya kuramen jihar Connecticut, shi ya tara attajiran gari suka haɗa kuɗin jirgin Gallaudet, shi ya bi 'yan majalisa har aka ba makarantar izni. Bayan shekara hamsin, cikin 1867, wani lauya mai dukiya, Gardiner Hubbard, ya yi irin wannan fafutika saboda 'yarsa Mabel, aka buɗe makarantar Clarke wadda ke koyar da magana da baki. A Ingila ma haka abin ya kasance: sashen nazarin ilmin kurame na Jami'ar Manchesta, wanda aka kafa cikin 1919, kyauta ce daga wani attajirin masaƙa, James Jones, don tunawa da ɗansa kurma da ya rasu.

Abin lura a nan shi ne, aikin da yau ake kira daidaita hidima ba sabo ba ne. Cogswell da Hubbard sun yi shi da kansu, domin suna da ilmi, da kuɗi, da sanayya da manya. Sun san likitan da za a gani, sun san malamin da za a ɗauka, in babu makaranta sai su gina. Ɗan manomi kuwa sai ya zauna gida har ya kai shekara takwas, ko goma, ko fiye, sa'an nan a ɗauke shi zuwa makarantar kwana mai nisa. Makarantun ƙarni na goma sha tara ba su ɗauki iyaye abokan aiki ba. A ganinsu iyaye su ne masu kawo yaro a farkon zango su zo su ɗauke shi a ƙarshe, shekarun da ya yi a gida kuwa ɓatattu ne waɗanda malami zai yi ƙoƙarin cikewa.

Taron malaman kurame na duniya da aka yi a Milan ta Italiya cikin 1880 ya ƙara dagula al'amarin. Wakilai 164 ne suka halarta, kusan dukansu masu ji, suka zartar cewa koyar da magana da baki ta fi maganar hannu, a kuma kawar da maganar hannu daga aji. Sai cikin 2010, a birnin Vancouver, wannan taro ya janye hukuncin ya kuma nemi afuwa. A tsakanin waɗannan shekaru an yi ta gargaɗin iyaye kada su yi wa ɗansu nuni da hannu, wai don kada ya yi ragwancin koyon magana. Sakamakon haka shi ne gidaje da yawa inda uwa da ɗanta ba su da wani harshe da ya haɗa su, ba na baki ba, ba na hannu ba. An kuma nesanta iyaye daga manyan kurame, watau mutanen da suka fi kowa sanin yadda kurma ke girma.

Wasiƙun Louise Tracy

Wadda ta fara juya hankalin hukumomi daga yaro zuwa ga iyayensa ita ma uwa ce mai hali. Louise Tracy, matar ɗan wasan sinima Spencer Tracy, ta gane ɗanta John kurma ne yana da wata goma, cikin 1925, sa'ad da ƙofa ta bugu da ƙarfi kusa da shi bai farka ba. Ta yi shekaru tana zagaya likitoci da makarantu. Cikin 1942 ta fara tara waɗansu iyaye mata a wani ɗan gida cikin harabar Jami'ar Kudancin Kalifoniya, daga nan aka sami Cibiyar John Tracy. Abu biyu suka bambanta cibiyar da makarantun da suka gabace ta. Na farko, iyaye su ne ɗalibanta. Na biyu, ba ta karɓar ko kwabo. Ta shirya darussa a rubuce ana aika wa iyaye ta gidan waya, uwa ta karanta, ta gwada da ɗanta, ta rubuto abin da ta gani, malami ya ba ta amsa ta musamman. An fassara darussan zuwa harsuna da dama, sun kuma isa ƙasashen da babu ko malamin kurame ɗaya. Hanyar cibiyar ta magana da baki ce zalla, wannan kuwa ya sa kurame da yawa ba su yaba mata ba. Duk da haka ita ta tabbatar da cewa shekaru ukun farko ba lokacin jira ba ne, kuma malamin waɗannan shekaru, ko an so ko an ƙi, uwa ce.

A daidai wannan lokaci Irene da Alexander Ewing na Manchesta suka bayyana, cikin 1944, wata hanya mai sauƙi ta gwada jin jariri: mutum ɗaya ya ɗauke masa hankali ta gaba, wani ya yi ƙaramin sauti ta bayan kunnensa, a ga ko zai waiwaya. Ma'aikatan lafiya masu ziyarar gidaje a Ingila sun yi ta amfani da wannan gwaji a kan jarirai 'yan wata bakwai zuwa tara har farkon ƙarnin nan.

Annobar 1964

Abin da ya tilasta wa gwamnatin Amurka shiga maganar gadan-gadan annoba ce. Cikin 1964 da 1965 ƙyandar Jamus ta kama mutum wajen miliyan goma sha biyu da rabi. Ciwon ba shi da tsanani ga babba, amma in ya kama mace a farkon ciki yakan lalata kunne da ido da zuciyar ɗan tayi. An haifi jarirai wajen 20,000 da lahaninsa, fiye da 11,000 daga cikinsu kurame. Allurar rigakafin ba ta fito ba sai 1969. Da yawa daga cikin waɗannan yara ba kurumta kaɗai ke damunsu ba, saboda haka iyali guda kan sami kansa tsakanin likitan zuciya, da na ido, da na kunne, da malamin makaranta, ba wanda ya san abin da ɗan'uwansa ya ce. Cikin 1965 kuma wani kwamiti da Homer Babbidge ya shugabanta ya miƙa rahoto cewa sakamakon makarantun kurame bai gamsar ba ko kaɗan, ya nemi a fara koyarwa tun da wuri. Shekara biyar kafin nan William Stokoe na Kwalejin Gallaudet ya nuna cewa maganar hannu ta Amurka cikakken harshe ce mai nahawunta, ko da yake an daɗe kafin malamai su yarda.

Majalisa ta yi doka cikin 1968 ta ba da kuɗi don gwada sababbin hanyoyin kula da ƙananan yara masu naƙasa. Daga cikin ayyukan da suka fito akwai shirin SKI-HI na jihar Yuta, wanda Thomas Clark ya soma cikin 1972. Yuta jiha ce mai faɗi da ƙarancin jama'a, ba zai yiwu a tara jarirai a gari ɗaya ba. Sai aka horar da masu ba iyaye shawara, kowannensu ya riƙa zuwa gidan yaro sau ɗaya a mako, ya zauna da uwa wajen wanka da ciyarwa da wasa, ya nuna mata yadda za ta kula da na'urar ƙara ji da yadda za ta sa harshe cikin ayyukan yau da kullum. Jihar Kolorado ita ma ta kafa irin wannan ziyara ta gida a wajen wannan lokaci.

To, amma ziyara ba ta da amfani sai an san gidan da za a je. Marion Downs, masaniyar ji a Denver, ta fara gwada jarirai a ɗakin haihuwa tun 1963, ta gwada wajen 17,000 da ƙaho mai ƙara tana kallon ko za su zabura. Gwajin bai da tabbas, don haka kwamitin haɗin gwiwa na masana jin jarirai, wanda ita ta taimaka aka kafa, bai amince a yi wa kowa ba. Aka koma gwada waɗanda ake zargi kurum, watau bakwaini, da wanda shawara ta kama da tsanani, da wanda ke da kurma a dangi, da makamantansu. Wannan hanya tana barin wajen rabin kuramen jarirai a baya, domin rabinsu ba su da wata alama. Har cikin 1988 wani kwamitin gwamnati ya sami cewa matsakaicin shekarun da ake gane kurumta a ƙasar biyu da rabi ne.

Dokar 1986

Dokar ilmin yara masu naƙasa ta 1975 ta ba su haƙƙin karatu kyauta, amma ba ta kula da 'yan ƙasa da shekara uku ba. Gyaran da Shugaba Reagan ya sa wa hannu cikin Oktoba 1986 shi ya cike wannan giɓi, kuma ya cancanci ma'aikacin gwamnati ya tsaya ya karanta shi da natsuwa, domin doka ce ta tsarin mulki fiye da ta likitanci. Ba ta kafa sabuwar ma'aikata ba. Abin da ta yi shi ne, ta ce duk jihar da ke son kuɗin tarayya tilas gwamnanta ya zaɓi ma'aikata guda wadda alhakin yaran nan zai rataya a wuyanta, ko ta lafiya ce ko ta ilmi, yadda in abu ya ɓaci an san wanda za a tuhuma. Tilas kuma a kafa majalisar da za ta haɗa dukan hukumomin da abin ya shafa, da iyaye a cikinta. Kowane yaro a rubuta masa takardar shiri, amma shirin na iyali ne, ba na yaro kaɗai ba: a rubuta halin da yaron ke ciki, da abin da iyali ke bukata, da hidimar da za a yi, da wanda zai yi, da sau nawa, da wanda zai biya. Ƙa'idojin da suka biyo baya sun sa wa'adin kwana arba'in da biyar daga ranar da aka kawo labarin yaro zuwa ranar zaman farko, a kuma sake duba takardar kowane wata shida.

Sa'an nan dokar ta ce a rubuta sunan mutum guda cikin takardar, wanda zai tabbatar an aiwatar da ita. Sunan da aka fara ba wannan ma'aikaci yana nufin mai sarrafa matsala. Iyaye suka ƙi sunan, suka ce su ba matsala ba ne, ba kuwa sarrafa su za a yi ba. Cikin 1991 majalisa ta sake masa suna zuwa mai daidaita hidima. Ana iya ganin wannan kamar gardama kan kalma, amma ta nuna inda iko ya koma: hukumomi ake daidaitawa, iyali kuwa shi ke zaɓi, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wanda ya san tarihin fatauci ba zai sha wuyar gane aikin ba. Falken da ya sauka Salaga ko Kumasi da kaya ba ya shiga kasuwa kai tsaye. Yakan sauka wajen maigida, wanda ya san harshen gari, ya san dillalan kirki da na banza, ya san farashi, shi ke yi masa tafinta, shi ke tsaya masa in an yi bashi. Maigida ba ya saye, ba ya sayarwa, amma in babu shi baƙo ya shiga uku. Haka mai daidaita hidima: ba ya gwada kunne, ba ya koyar da harshe. Shi ke sa ranar ganin likita ya kuma bincika ko an je, shi ke neman motar da za ta kai uwa, shi ke bin takardar kuɗin na'ura daga ofis zuwa ofis, shi ke bayyana wa iyaye haƙƙinsu, kuma aƙalla kwana casa'in kafin yaro ya cika shekara uku shi ke haɗa zama da makarantar da za ta karɓe shi. Iyali ba sa biyan kome a kan wannan. Watau abin da Cogswell ya yi wa Alice da dukiyarsa, doka ta mai da shi haƙƙin ɗan talaka.

Na'ura ta riga tsari

Cikin 1978 wani masani a London, David Kemp, ya gano cewa lafiyayyen kunne in an aika masa sauti yakan mayar da wata 'yar amsa wadda ƙaramin makirufo zai iya kamawa. Daga nan aka ƙera na'urar da ke gwada jariri yana barci cikin 'yan mintoci, ba tare da likita ba. Aka kuma sauƙaƙa wata na'urar mai auna yadda jijiyar ji ke kai saƙo ƙwaƙwalwa. Jihar Rhode Island ta gwada yi wa dukan jarirai a farkon shekarun 1990, cikin 1993 kuma wani taron masana na cibiyoyin lafiya na tarayya ya ba da shawarar a yi wa kowane jariri. A wannan shekara waɗanda ake gwadawa ba su kai kashi biyar cikin ɗari ba.

Ba kowa ya yarda ba. Cikin 1994 Fred Bess da Jack Paradise suka rubuta suka mai ƙarfi, suna cewa ba a tabbatar da amfanin abin ba, za a tsorata dubban iyayen da 'ya'yansu lafiya lau suke, kuma a wurare da yawa babu ma'aikatan da za su karɓi jaririn bayan an gano shi. A ganinsu da muguwar rawa gara ƙin tashi. Amsar kashin farko na sukarsu ta zo daga Kolorado cikin 1998, inda Christine Yoshinaga-Itano da abokan aikinta suka kwatanta yara 150: 72 da aka gano kafin wata shida, da 78 da aka gano bayan haka. Na farkon sun fi na biyun harshe nesa ba kusa ba, ko kurumtar mai tsanani ce ko marar tsanani, ko da baki suke magana ko da hannu. Sau da yawa akan ambaci wannan bincike kamar shaida ce ga na'ura, alhali kuwa shaida ce ga tsarin Kolorado. A can, da zarar masanin ji ya tabbatar da kurumta sai ya sanar da jami'in yankin, wanda ƙwararre ne kan kuramen yara, shi kuwa ya nemi iyalin cikin 'yan kwanaki. Yaran da aka gano da wuri an fara yi musu hidima cikin wata biyu. Bayan shekara biyu Mary Pat Moeller ta bi yara 112 a Nebraska har suka kai shekara biyar, ta sami cewa abin da ya fi kome tasiri a kan harshensu shi ne gwargwadon shigar iyali cikin aikin.

Majalisa ta ba da kuɗi ga jihohi cikin 1999, cikin 2000 kuma kwamitin masana ya tsai da ma'aunin da ake bi har yanzu: a gwada jariri kafin wata ɗaya, a tabbatar kafin wata uku, a fara hidima kafin wata shida. Mataki na farko ya yi nasara da sauri, har ya kai ana gwada wajen kashi casa'in da takwas cikin ɗari. A mataki na biyu ne kashin ƙarshe na sukar Bess da Paradise ya tabbata. Cikin 2005, daga jariran da ba su ci gwajin farko ba, kashi 64 cikin ɗari hukuma ba ta da labarin abin da ya same su: waɗansu ba a mai da su asibiti ba, waɗansu an mai da su amma ba a aika da takarda ba. Cikin 2007 adadin ya sauko zuwa kashi 46, bayan shekara goma ya kai wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Ba sabuwar na'ura ce ta rage shi ba. Abubuwan da suka yi aiki ƙanana ne har ana iya raina su: a karɓi lambar waya ta biyu kafin uwa ta bar asibiti, a sa mata ranar dawowa tun tana kan gado, a rubuta sunan likitan yaron daidai, a ɗauki ma'aikaci wanda ba shi da wani aiki sai bin sawu.

Akwai wata matsala da dokar 1986 ba ta warware ba. Iyayen jariri ɗan wata uku ana bukatar su yanke shawara mai nauyi: maganar hannu, ko magana da baki, ko duka biyu, na'urar rataye, ko wadda ake dasawa cikin kunne da tiyata, wadda aka halatta wa yara cikin 1990. Duk wanda suka fara gamuwa da shi yana da ɓangaren da ya karkata, tsohuwar rigimar Milan ba ta mutu ba. Mai daidaita hidima na gama-gari kuwa, wanda ke riƙe da fayil masu yawa na naƙasa iri-iri, sau da yawa bai san kome game da kurumta ba. Saboda haka iyaye a Kolorado suka kafa ƙungiyar Hands & Voices cikin 1996, wadda ba ta goyon bayan hanya guda, tana kuma haɗa sabon iyali da wanda ya riga shi shiga halin. A Yuta kuma, tun farkon shekarun 1990, aka fara biyan manyan kurame su riƙa ziyartar gidaje suna koya wa iyali maganar hannu. Bayan shekara ɗari da goma an dawo da kurma cikin gidan da taron Milan ya fitar da shi.

Inda tarihin ya taɓa Nijeriya

Igiyar da ta haɗa wannan tarihi da Afirka ta Yamma mutum guda ne. Andrew Foster baƙar fata ne ɗan jihar Alabama, sanƙarau ya kurumtar da shi yana da shekara goma sha ɗaya. Ya gama Kwalejin Gallaudet cikin 1954, ya buɗe makaranta a Ankara ta Gana cikin 1957, da wata a Ibadan cikin 1960, kafin rasuwarsa a haɗarin jirgin sama a Ruwanda cikin 1987 ya kafa makarantu wajen talatin a ƙasashe goma sha uku. Ta hannunsa da na ɗalibansa maganar hannu ta Amurka ta shiga azuzuwan Nijeriya. Cikin 1977 aka buɗe makarantar Tudun Maliki a Kano da kwalejin horar da malaman ilmi na musamman a Oyo. Abin da aka gada ke nan: makaranta, galibi ta kwana, mai karɓar yaro bayan ya kai shekarun firamare. Tsarin 1817 ne, ba na 1986 ba.

Ba a ce masu tsara manufa ba su hango matsalar ba. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce ma'aikatar ilmi ta tarayya za ta kafa kwamitin daidaita ayyukan ilmi na musamman tare da ma'aikatun lafiya, da jin daɗin jama'a, da ƙwadago, a kuma ƙidaya masu naƙasa. Shekara tara ke nan kafin dokar Amurka. Bambancin shi ne, manufar ta tsaya kan kwamiti a sama, ba ta sauko ga sunan ma'aikaci guda a kan takardar yaro guda ba, ba ta kuma sa wa'adi ba. Dokar hana wariya ga masu naƙasa da aka sa wa hannu cikin Janairu 2019, da hukumar da aka kafa a kanta cikin 2020, sun ƙarfafa haƙƙin ilmi da na shiga gine-gine, amma jariri ɗan wata uku ba ya zuwa makaranta, ba ya kuma hawa bene.

Yanayin ma ya bambanta. A nan kurumta da yawa bayan haihuwa take zuwa, daga sanƙarau, da ƙyanda, da hangum, da shawarar jarirai, da ciwon kunne mai ruwa, da waɗansu allurai masu lalata ji. Annobar sanƙarau ta 1996 kaɗai ta kama fiye da mutum 100,000 a arewacin ƙasar, ta kashe fiye da 11,000, waɗanda suka rayu kuwa da yawa sun tashi ba ji. Allurar rigakafin da aka fara a Nijar cikin 2010 da Nijeriya cikin 2011 ta karya lagon nau'in da ya fi yin ɓarna, ko da yake waɗansu nau'o'in suna nan. Kuma gwaji a ɗakin haihuwa ba zai kama yawancin jarirai ba: binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna a arewa maso yamma haihuwar asibiti ba ta kai kashi ashirin cikin ɗari ba.

Wannan ne ya sa Bolajoko Olusanya ta gwada wata hanya a Legas tsakanin Yuli 2005 da Afrilu 2006. Maimakon ɗakin haihuwa sai ta kai na'urar ƙananan asibitoci huɗu inda ake yi wa jarirai allurar rigakafin tarin fuka, ta horar da ma'aikatan lafiya na unguwa. An gwada jarirai 2,003, fiye da rabinsu ba a asibiti aka haife su ba, ba kuwa uwa ko ɗaya da ta ƙi. An tabbatar da kurumta ta dindindin ga 56, watau 28 cikin dubu, ninki da yawa na abin da ake samu a Turai da Amurka. Amma wajen rabin waɗanda aka ce su dawo gwaji na biyu ba su dawo ba, cikin 82 da aka tura binciken ƙarshe kuma 50 kaɗai suka je, alhali kyauta ake yi. Ramin da Amurka ta faɗa cikin 2005 shi Legas ta faɗa a shekarar.

A wani ɓangaren kuwa ƙasar Hausa tana da abin da Yuta sai da ta kashe kuɗi ta ƙirƙira. Constanze Schmaling, wadda ta zauna da kuramen Kano cikin shekarun 1990 ta kuma buga littafi a kan maganar hannunsu cikin 2000, ta nuna cewa harshe ne mai zaman kansa, daban da na Amurka da ake koyarwa a aji, ana gadonsa daga manya zuwa yara a majalisun da kurame ke taruwa. Ta kuma lura cewa masu ji da yawa sun iya wani abu daga cikinsa, ba sa kuma jin kunyar amfani da shi a kasuwa. Kuramen birnin suna da sarkinsu da ƙungiyoyinsu. Sai dai yaro ba ya isa waɗannan majalisu sai ya yi wayon fita shi kaɗai, uwarsa kuwa, musamman in tana kulle, ba lalle ta taɓa haɗuwa da su ba. Ma'aikaciyar rigakafi tana ganin jariri a makon haihuwa, da mako na shida, da na goma, da na goma sha huɗu, da wata na tara, tana kuma da katinsa da sunan unguwarsu. Cibiyar kula da kunne ta ƙasa tana Kaduna tun 1999, asibitocin koyarwa suna da sashen kunne, makarantar kurame tana jiran yaron a shekara ta shida. Daga ƙarshen allurar rigakafi zuwa wannan shekara ta shida babu ofishin da fayil ɗinsa yake.